Harshen Tankari

Tukwane shida Inna ta bar mini a Gamkalle,
da muciya mai tsayin yaro,
da bashin itace jaka huɗu.
Harshenta ne kawai ta tafi da shi.
Ran da na fara dafa burkutu ni kaɗai,
tsoho Tankari ya shigo riƙe da ƙwarya.

Ya kurɓa, bai haɗiye ba.
Ya juya shi a baki kamar mai neman tsakuwa a wake,
ya tofar a gindin bedi.
"Tsahara, wannan warin ɗaki yake,
ɗakin da aka kulle tun damina.
Tsiron dawarki ya yi fumfuna.
Kin jibge shi da kauri ƙarƙashin buhu,
kin kwashe shanya rana ba ta gama aikinta ba."
Na rantse masa ya bushe.
Ya ce, "Hanci ba ya ƙarya."

A na biyu na baza tsiro shara-shara kan tabarma,
kwana uku ina faɗa da kajin unguwa.
Ya kurɓa, ya ɗaga gira:
"Asibiti."
Ashe ruwan pampo ne, mai warin magani,
na juye shi daga bido kai tsaye.
"Bar shi ya kwana a randa, baki buɗe.
Uwarki ba ta yarda da ruwan da bai kwana ba,
ita da ta tashi a bakin rijiya."

Na uku tsami.
Ba tsamin nan mai tsinka yawu ya wuce ba,
wannan kama haƙori yake ya zauna.
Zafin bazara ne, ni kuwa na bar shi har hantsi
kamar muna cikin sanyi.
Direbobin Doso suka biya rabi suka tashi.
Da dare na tuntsurar da saura a kwata,
aladen maƙwabci ya sansana, ya juya baya.

Na huɗu ya ƙi tashi.
Lami. Ba kumfa, ba ɗan gunagunin nan
da tukunya ke yi wa kanta a tsakar dare.
Ni na jawo: na ga babbar ta yi baƙi,
na sa omo da soso na dirje ta har ta yi ja.
Tankari ya leƙa ciki, ya daɗe.
"Shekara talatin kika wanke."
Na ɗauki kwano, na haye gada zuwa Harobanda
roƙon gindin tukunya wurin Lamusa,
wadda ba su ga maciji da Inna.
Ta cika mini shi fal, ba ta ce uffan ba.
Na dawo, kwano a ka,
a wuya kuma kunya.

Na biyar ban zauna ba.
Busasshen itace, kwanannen ruwa,
sallama ma ban amsa ba don kada hannu ya tsaya.
Ya fito ja, kumfa kamar audugar rimi.
Tankari ya kurɓa. Ya haɗiye. Ya ƙara.
"Ba aibi."
Na jira.
"Ba aibi ko ɗaya. Sai dai ba nata ba ne."

Nata, in ji shi, yana da ɗan ƙauri
can baya, inda maƙogwaro ya soma.
Kullum a dahuwa ta biyu
mai itace kan zo tambayar kuɗinsa,
ta saki muciya ta bi shi har ƙofa da baki,
gindi ya ɗan kama kafin ta tuna.
"Shekara talatin muna shan mantuwarta,
muna ce mata giya."

Na jiƙa dawa jiya.
Ran dahuwa mai itace zai zo, ya aiko.
Jaka huɗun na nan ƙulle a bakin zanena.
Har yanzu ban yanke ba:
in ba shi,
ko in saki muciya.