Kai Ka Yanka

An rufe jami'a, ɗakunan kwana sun yi tsit,
kowa ya ja jakarsa ya nufi gida.
Ni kuwa Argungu ta yi mini nisa,
iyakoki uku tsakanina da tuwon Inna,
aljihuna ko Lome ba zai kai ni ba.

Boakye ya ce, "Tashi mu je ƙauyenmu,
ba a barin mutum ya yi hira da bango."

Daga Kejetia muka cusa kanmu a mota,
kajin wata mata biyu a kan cinyata.
Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta karɓe mu,
gonakin koko suka rufe hagu da dama,
har tafkin Bosomtwe ya buɗe a ƙasan tudu,
ƙwarya cike da ruwa
da wani ya ajiye ya manta.

Ni jikan masunta ne, na ɗauka na san ruwa.
A wajenmu kan gora ake kifa ciki,
nan kuwa kan falankin katako ake zama,
ana tuƙi da tafin hannu.
Na hau, na juye, na sha na ƙoshi,
yara suka yi dariya har da faɗuwa.

Kakarsa, Maame Adutwumwaa,
ba ta jin Hausa, ba na jin Tuwi.
Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kramo,"
sunan da suke kiran mai salla,
ta nuna mini buta a bakin ƙofa,
sabuwa fil, takardar kuɗin na manne.

Ran Kirsimeti, da sanyin safiya,
aka jawo baƙin bunsuru daga gindin lemo.
Maza sun taru, an wasa wuƙa a dutse,
sai tsohuwa ta karɓe ta daga hannun ɗanta,
ta juyo mini da ƙotar.
Boakye ya fassara:
"Ta ce kai ka yanka,
don tukunya ta zama ɗaya."

Ban faɗa musu ba:
abin da ya wuce zakara ban taɓa yankawa ba.
Baba ke yi, ni riƙon ƙafa ne nawa,
kuma tun da ya kwanta dama
ragonmu gidan Kawu ake kai shi.

Na tambayi rana ina gabas, ta nuna.
Hannuna na rawa kamar mazari.
Na yi bisimilla,
ganga ta tashi daga cocin kan tudu,
jini ya bi ramin da aka haƙa masa.

Suka tafi ibada cikin fararen zannuwa,
aka bar ni gadin miya,
ni da wani kare mai kunne ɗaya,
kowa na lura da ɗan'uwansa.

Da rana turmi ya yi ta kuka a kowane gida.
Aka ce fufu ba a tauna shi, haɗiya ake.
Na tauna.
Tsohuwa ta girgiza kai, ta ƙara mini tsoka.

Da magariba na hau tudu neman sabis,
can kusa da rumfar da yara suka yi da ganyen kwakwa.
Muryar Inna na zuwa tana yankewa:
"Kana dai cin abinci?"
Na ce, "Inna, yau na yanka akuya."
Shiru.
Na zaci layin ne ya ɗauke.
Sai ta ce, "Ka wanke wuƙar da kanka?
Shi ba ya bari a wanke masa."

Ran komawa aka ƙulle mini ƙarfasa a jarida,
banda ce, tana ƙanshin hayaƙi har Kumasi.
Na miƙa hannu zan ɗauki butar,
tsohuwa ta buge shi,
ta rataye ta a ƙusa, bayan ƙofa,
ta ɗaga yatsa ɗaya.
Wannan ban nemi fassara ba.