Kunnen Buhu

Shekara bakwai makullin sito yana aljihuna,
ni Lawali mai awo, biro a bayan kunne.
Alhaji Ilu in ya yi gyaran murya daga ƙofa
har sikeli sai ya gyara tsayuwa.
Abu guda ya koya mana: jira.
Jira a ce ɗauka, jira a ce aje.
Muka iya jiran har ya zame mana sana'a.

Ran wata Laraba yana Damagaram gaisuwar rasuwa,
wayarsa a kashe.
Buhun aya ɗari uku da arba'in jibge a fili,
motar Jibiya ta ce la'asar, la'asar ta zo ita kaɗai.
Sai gabas ta haɗe rai,
hadari ya taso ta wajen Tasawa
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Ga sabon sito nan wayam,
amma an ce kada a taɓa shi sai mai shi ya dawo.

Na kira sau tara. Na ƙirga, ƙirga ce aikina.
'Yan dako shida suna kallona,
ni ina kallon waya,
waya tana faɗa mini da Faransanci abin da na riga na sani.

Barira ba ta cikin littafina sai a shafin ƙarshe:
mai tsintar tsakuwa, jika guda a wuni.
Ta aje faifai, ta ci ɗamara da gyale.
Ba ta yi wa kowa wa'azi ba.
Ta kama kunnen buhu, ta ce da Ɗan Tani, "Kama can."
Suka dire shi a bakin ƙofar da ke kulle,
ta koma ta kamo na biyu, ta kamo na uku.
A na huɗu ta ɗago ta dube ni:
"Malam Lawali, ruwa bai san Alhaji ya yi tafiya ba."

Ban taɓa sanin makulli na da nauyi ba sai ran nan.
Hannuna na rawa, kwaɗo ya ƙi, ya ƙi, ya buɗe.

Daga nan ban san wa ke ba da umarni ba.
Ta sa tsoho Jaɓɓo a ƙofa yana jera,
don bayansa ya gaji amma idonsa bai gaji ba.
Ta aika yaro bakin titi ya kirawo 'yan kabu-kabu,
ta ce a faɗa musu akwai shayi, kuɗin a wuyanta.
Wanda ya yi sanyi ba ta zage shi ba,
sai ta je ta kama masa ɗaya kunnen.
Ni ma na tsinci kaina da buhu a ka,
biro ya faɗi, wani ya taka.

Saura goma sha ɗaya sama ta ɓalle.
Goma sha ɗayan nan sun sha ruwa har sun ƙoshi.

Ran Juma'a Alhaji ya tsaya a kansu ya daɗe.
Bai dubi ɗari uku da ashirin da tara ba.
Ya ce, "Wa ya buɗe?"
Barira tana can gefe tana tsinta, kanta a sunkuye.
Na ce, "Ni."
Kalmar gajera ce, amma shekara bakwai na yi ina nemanta.
Ya yanke mini kuɗin buhu biyu a albashi.

Da zai tafi Kano bayan salla
ya leƙo daga tagar mota, bai dube ni sosai ba:
"In wani abu ya taso, ka yi yadda ka gani."
Na ce masa a ƙara wa Barira.
Ya ce zai duba.
Har yau yana dubawa, ni kuma duk wata ina tuna masa.

Yanzu in mota ta tsaya a ƙofa
nakan aje littafi in kama kunnen farko.
Bayana na ƙorafi.
Barira, daga bayan faifanta,
takan ce har yanzu ɗaukata irin ta masu biro ce.