Rubutun da ke Bakin Garkuwa

A Hindawiyya ta Jidda, ƙarƙashin bene, jikin mai gasa tamis,
shagona bai fi shimfiɗar mutum uku ba.
Nan nake ƙera yaƙin ƙarya:
takobin da ba ya yanka ko albasa,
kwalkwalin kwali da na shafa wa tsatsa,
garkuwar da in fitila ta hasko ta
sai ka rantse ta sha sara tun zamanin kakanni.
'Yan wasan azumi su ɗauka, su mutu da ita,
su tashi su sha shayi.

Kwana goma sha tara garkuwar nan ta ci.
Fatar akuya daga Bab Makka,
ƙusa ɗari da biyu, kowace da nata bugun.
Daren sha bakwai fanka ta mutu,
gumi ya zame da hannuna,
babban yatsa ya nutse cikin ɗanyen danƙo
can gefen hagu. Na bar shi. Wa zai lura?

Ramlatu ce, autata, ta miƙo waya:
Baba, ga garkuwarka, riyal tamanin da biyar,
a kai maka har ƙofa, in biyu ce da ragi.
Hoton ma nawa ne. Ga tabarmarmu,
ga jelar kyanwar maƙwabta a kusurwa.
Suna kaɗai aka sauya.

Muka yi oda. Da kuɗina na yi wa ɓarawona ciniki.
Ta iso sakayau, tana warin roba,
zubin injin, kamar ƙanƙara a mazubi.
Na juya gefen hagu.
Ga yatsana.
Sun kwafe ni har kuskurena,
yanzu yatsan Sammani na rataye a falukan Dammam da Tabuka,
yana dangwale kan yarjejeniyar da bai gani ba.

Na rubuta wa mai shagon, da sallama, da ladabi.
Ya ce shi ma sara ya yi wurin wani,
wanin ya ce kayan jirgin ruwa ne,
jirgi kuwa ba ya amsa saƙo.
Muka cike takardar ƙorafi. Talata aka rufe shagon,
Alhamis ya tsiro da sabon suna
kamar gemun da aka aske.

Wata guda guduma na kwance.
Ɗan'azumi mai walda ya ce, bar wa Allah.
Na bar masa.
Amma ko raƙumi sai an ɗaure ake tawakkali.

Na ƙera sabuwa, ta fi ta farko.
A bakinta na zagaya zane, kamar ado,
alhali ajami ne, irin wanda mahaifina
ya zo da shi a ƙafa daga Haɗeja:
Sammani ya yi ni, Bahaushen Jidda.
In ka ɗaga ba ka ji nauyi ba, ba ni ba ce.
Sannan lambata, ɗaya bayan ɗaya, da kalmomi.

Suka kwafa, har da wasali.

Wata huɗu. Bayan lisha waya ta yi ƙara.
Muryar tsohuwa daga Madina, tana jan numfashi:
Kai ne mai sifili, biyar, biyar?
Jikanta ya sayo don wasan makaranta,
ya rataye bisa gadonta,
ta sa tabarau, sai bango ya yi mata Hausa.
Rabonta da wannan rubutu, in ji ta,
tun wasiƙar ƙarshe ta yayanta.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Muka yi sa'a guda kan daddawa, da waɗanda suka rasu.

Can ta ce, to mai nauyin nawa ce?
Na faɗa.
Ta yi shiru, ta ce, ɗana, ta robar ma tana karantuwa.

Shagon na nan, ya sake suna sau uku.
Ban ci riba ba, ban kuma huce duka ba.
Da asuba dai na ɗauko guduma,
mai tamis ya leƙo ya ce, an dawo da yaƙi ke nan?