Ƙullin Bayan Riga

A zauren Malam Ɗalhatu, can bayan Ƙofar Kuyambana,
nan na koyi riƙon allura ina ɗan shekara tara.
Mu shida ne kan tabarma. Na bakwai shi ne Hayatu,
mai zana aska takwas da tawada a wuyan riga,
mai murya kamar an shafa mata man shanu.

Bai taɓa yi wa kowa tsawa ba. Wannan ku riƙe.
In ka yi tari, shi zai miƙo moɗa.
In ɗinkinka ya karkace, shi zai warware da dare,
da safe ya ce bai san wanda ya gyara ba.

Malam na da ɗa guda, Lurwanu.
Hannunsa ya fi na uban, kowa ya sani,
ba mai faɗa.
Hayatu ya faɗa, sau ɗaya, wajen alwala:
"Malam, Allah ya ba ka magaji tun kana da rai."
Ya bar maganar ta jiƙa kamar tsamiya a ƙoƙo.

Sai ya zaga wajen yaron:
"Kada ka ƙullaci babanka
don bai nuna maka zanen kakanku ba.
Wataƙila jira yake ka ƙara hankali."
Lurwanu bai san da wani zane ba sai ran nan.

Akwai shi kuwa, cikin gafaka, ƙarƙashin buzu,
zanen da ba a ɗora wa rigar kasuwa.
Kafin kaka ta yi, ga shi rataye a Sabon Gari,
a rumfar wani Bakano, ana tayawa.

Ni na kai takardar.
Sule guda ya ba ni, da ƙunshin gyaɗa:
"Kai wa Alhaji, kada ka buɗe."
Ban buɗe ba. Na ci gyaɗata a hanya.

Malam ya ce, "Hayatu, wa?"
Ya sunkuyar da kai yana ta lailayar zare.
"Kada ka sa ni magana. Ni ma na yi ƙuruciya.
Na dai gan shi a Sabon Gari ran Laraba,
amma wa ba ya zuwa Sabon Gari?"
Shi ya aike shi ran nan, sayen alharini.

A gabanmu Malam ya karya allurar ɗansa,
ya faɗi kalmar da uba ba ya iya lashewa.
Lurwanu bai ɗauki ko hula ba.
Ya hau motar auduga mai zuwa Funtuwa,
motar ba ta kai Giwa ba.

Hayatu ya yi wanka. Hayatu ya ɗinka likkafani,
ban taɓa ganin ɗinki madaidaici kamarsa ba.
Shi ya riƙe kafaɗar Malam a maƙabarta,
shi ya fi kowa jan ido.

Sai bayan arba'in bakina ya buɗe.
Aka kira shi. Ya zo, ya tuɓe takalmi,
ya gaida kowa da sunansa, har ni.
Ya ce, "Ku nuna mini ƙarya ɗaya
cikin duk abin da na faɗa."
Muka ƙirga maganganunsa kamar ƙwaryar tasbaha.
Babu.
Malam ya ce, "Me na yi maka?"
Ya ce, "Wallahi ba komai," ya sa haƙori ya tsinke zare.

Malam bai sake zura allura ba.
Yakan zauna da karyayyiyar a tafin hannu
har rana ta sauka bayan Kufena.

Hayatu na nan. Yana da shago a Tudun Wada,
gemunsa fari tas, ana kai masa sasanci.
Ni kuwa duk rigar da aka miƙo mini
sai na juya bayanta na duba ƙulli.
Jiya na gamu da shi bakin masallaci,
ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya daɗe,
ya ce, "Ina ɗan naka? An ce hannunsa ya faɗa."