Tulun Mutanen Ƙasan Gulbi

Mu huɗu ne, ba wanda ya cika ashirin.
Rabe da babur ɗin kabu-kabu na haya,
Laure mai jin motsin ruwa ta tafin ƙafa,
Ɗan Jimo mai buɗe kwaɗo da tsinken tsire,
sai ni, Tsahara, da na ƙware a ƙarya
har Inna ta daina tambayata inda na je.

Wata bakwai rijiyar Mokoyo ba ɗigo.
Guga ya sauka, ya hau da yashi.
Kaka ta ce, ba ƙafewa ta yi ba.
Daren da gulbi ya ci tsohon gari
mutanen ƙasa suka ba mu aron idonta,
diyyar gidajenmu.
Yanzu masu abu sun karɓe abinsu,
sun ɗura a tulu, sun liƙe baki da danƙo.

Na ce, to a sato shi.
Ta dube ni ta gefen ido, tana ɓare gyaɗa:
Ku riƙe ƙarfe a aljihu.
Abin da duk aka miƙo muku, kar ya taɓa harshe.

Bayan isha muka gangara fadama,
muka bar babur gindin mangwaro.
Laure ta tuɓe takalmi, ta bi busasshen gulbi
kamar mai neman allura,
ta tsaya. Nan ne.
Muka tona da hannu har farce ya ci karo da katako:
ƙyauren wani gida da ruwa ya ɗauke
tun kaka tana goye.
Ɗan Jimo ya sa tsinke, ya kasa kunne. Ƙas.

Ashe garin yana nan.
Kasuwa na ci ba hayaniya,
mata na daka, taɓarya ba ta ƙara,
tarwaɗa na ratsa rumfuna da fitila a baka.
A ƙofar rumbun tuluna, wani tsari da rawani.
Na gyara murya: daga ofishin magajin gari muke,
ƙidayar tuluna.
Ya ce, yarinya, kuɗin shiga gaskiya ɗaya ne.

Gumi ya keto min a cikin ruwa.
Na lalube kaina, da ƙyar na samo:
Akuyar Inna ba ɓata ta yi ba. Ni na sayar.
Ya kauce.

Tulu dubu, duk kama ɗaya.
Laure ta bi su tana dafawa
har ɗaya ya yi mata bugun zuciya.
Muka naɗe shi a zane, na goya shi kamar jariri.
Saura taku goma mu fita
wata tsohuwa ta miƙo ƙuli-ƙuli mai zafi,
Rabe kuwa tun safe bai karya ba.
Sau uku ya tauna kafin na doke hannunsa.

Da muka fito rana ta take.
Babur ya yi tsatsa, kabewa ta yi yaɗo a kansa.
Ƙanena da na bari iya kafaɗa
ya sunkuyo yana kallona.
Shekara uku. Tauna ɗaya, damina ɗaya.
An ja famfo har ƙofar gidanmu,
an rufe rijiya da kwano da dutse,
kaka kuma tana maƙabarta tun bara.

Duk da haka muka ɗage kwanon, muka fasa danƙo.
Ruwa ya hau da sanyinsa.
Rabe har yau yana biyan mai babur.

Ni kaɗai ke ɗiba yanzu, da asuba.
In na leƙa, can ƙasa akwai fitilu,
da wani mai rawani ya ɗago kai
yana ƙirga gugana.