Saura Tubali Tara

Ƙarfe uku na dare a Tartu.
Kogi ya daskare, unguwa ta yi tsit,
motar kwashe ƙanƙara kaɗai ke gurnani a titi.
Raivo bai kunna fitila ba.
Baƙin allon nan ya ishe shi,
da ɗan ɗigon fari mai ƙiftawa
kamar yaron da ke jiran aike.

Ya buga umarni, gajere,
ya bi shi da sunan da Eneli ta yi wa rajista
shekarar da ta daina yarda da ofisoshi.
"Nan babu mai gida," ta ce masa a lokacin,
tana tsaye, tana gutsurar baƙin burodi.
"Littafi ɗaya ne a hannun dubban baƙi.
Ba mai goge ni don an kira shi a waya."

Amsa ta sauko layi-layi:
ga suna,
ga adireshi, tarkacen haruffa da lambobi,
ga hanyar zuwa shafinta na tsuntsayen fadama,
sai layin ƙarshe:
saura tubali tara wa'adi ya cika.

Kowane tubali kusan minti goma ne.
Makullin sabuntawa yana cikin kanta,
ita kuwa tun Nuwamba aka rufe ta.
Ya lalube aljihun rigunan sanyinta,
ya zazzage littafin girki,
ya ɓalle bayan hoton mahaifiyarsu. Babu.

Da ofis ne, da ya ɗauki takardar mutuwa
ya bi layi, ya marairaice wa wata mai tabarau.
Nan wa zai roƙa?
Ƙofar da ba ta da mai gadi
ba ta da mai amsa sallama.

Ya maimaita umarnin. Takwas.
Shayi ya huce. Shida.
Na biyar ya daɗe kamar ba zai zo ba,
sai huɗu da uku suka faɗo a jere.
In ya kai sifili, sunan ya zama na kowa,
ɗan tallan caca ma zai iya sure shi
kafin motar farko ta tashi.
Ya shirya nasa umarnin, yatsa a kan maɓalli,
zai yi wawason sunan ƙanwarsa da mutanen da bai sani ba.

Biyu.
Ya sake dannawa.

Saura tubali dubu talatin da shida.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Lambar tana nan daram.
In ba ƙira, me ya ci gawayi?
Wani, a wani wuri, bai yi barci ba shi ma,
kuma makullin na hannunsa.

Sai ya tuna kofi biyu da ya tarar a wurin wanke-wankenta,
da safar hannu da ta fi ƙarfin hannunta.

Littafin ya ba shi lokaci, ya ba shi lamba,
bai ba shi fuska ba.
Ya rubuta: wane ne kai?
Na'ura ta ce ba ta san wannan umarni ba.