Shafi na Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Kwali guda Torsten ya bar mini,
ban da rigar sanyi da bashin makaniki.
Littattafai talatin da ɗaya, marubuci ɗaya,
mutumin nan da sunansa ya fi na littafin girma a bango,
wanda ake karantawa a jirgin ƙasa da ɗakin jiran likita
ana cin farce.

Ni kuwa ko fim ɗin fatalwa ban taɓa kai ƙarshensa ba.

A Duluth muke, tsakiyar Janairu.
Tafki ya daskare har inda ido ya gaji,
jiragen dakon tama sun kwanta a tasha kamar shanun da suka ƙoshi.
Na zazzage kwalin a teburin kicin,
na ce, to, da wanne?

Misis Haugen ta laburare ta sauke tabarau:
"Fara da na farkonsa, sa'ad da yake da yunwa,
kowace jimla da haƙoranta.
Yanzu ya yi teɓa, shi da littattafan."
Wendell mai kwashe ƙanƙarar layinmu ya ce ina,
ɗauki mai kaurin nan da zai kai ki bazara,
in za ki sha tsoro, sha na dubu.
'Yata ta ce wanda aka yi fim ɗinsa.
Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na bi bayansu ɗaya-ɗaya.
Hasumiyar bakin teku da matakalarta ke ƙaruwa
da taki guda kowane dare.
Tela mai ɗinke inuwar mutane a jikin labule.
Masuncin da komarsa ta ciro masa riga,
ita ce kuma a jikinsa.
Wannan na kife shi. Ba yau ba.

Sai na bar karanta marubucin,
na koma karanta ɗan'uwana.
Ga shatin kofin kofi a shafi na tara.
Ga tikitin bas na shekarar da Solveig ta tafi.
Ga wanda ya kumbura, ya sha ruwan wanka.
Ga inda ya rubuta da biro a gefe:
"Kar ka buɗe, wawa."
Ya buɗe. Kullum sai sun buɗe.
Wani na warin taba, tun kafin ya daina.
Wani na warin asibiti.

Wannan ba shi da kauri, bangonsa shuɗi,
ba dodo, ba jini, ƙofa ce kawai da ba a gama rufewa ba.
A ciki takardar magani, ninki biyu,
shafi na ɗari biyu da sha bakwai.
Saura arba'in.
Torsten, da ba ya barin loma a kwano,
da ke kwana zaune don ya ji wa ya tsira.

Na daɗe riƙe da shi.
Bututun ɗumama ɗaki na ƙwanƙwasa kamar baƙo,
iskar tafki na laluben tagogi.
Duk dodannin kwalin nan
ba wanda ya kai shafi arba'in ɗin nan ban tsoro.

Misis Haugen ta ce ba shi ne gwaninsa ba,
ƙarshen ma a gaggauce ya rubuta.
Ina ruwana.
Na kunna fitilun gidan kaf, har ta banɗaki,
na dafa kofi baƙi wuluk, mai ɗacin da yake so,
na fara daga shafi na ɗaya,
sannu-sannu, kamar mai taka ƙanƙarar da ba ta gama kamawa ba.

Yau dare na huɗu. Ina ɗari biyu da goma.
Na kusa sanin abin da ke bayan ƙofar.
In na iso inda ya tsaya
zan jawo kujerarsa kusa da tawa,
in karanta sauran a bayyane.